Fim ɗin Vikings: Amsoshin Tambayoyin da Masu Kallo Suka Fi Gardama a Kansu

Fim mai dogon zango na Vikings, wanda ke ba da labarin maharan teku na arewacin Turai, ya fara fita a tashar History ranar 3 ga Maris 2013, ya ƙare a Disamba 2020. Zango 6 ne, kashi 89, kuma Michael Hirst ne ya rubuta shi. An daɗe da gamawa, amma gardama ba ta ƙare ba: wasu na rantsuwa cewa tarihi ne tsagwaronsa, wasu na cewa ƙarya ce zalla. Duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa. Wanda bai gama kallo ba ya sani cewa amsoshin nan sun tona mutuwar manyan jarumai.

Labarin gaskiya ne ko ƙirƙira?

An tuƙa shi ne da gari iri uku. Na farko shi ne abin da mutanen wancan zamani suka rubuta: limaman Kirista na Ingila da Faransa da aka kai wa hari, da marubutan Musulmi na Andalus da Bagadaza. Na biyu hikayoyin jarumta ne da aka rubuta a Aislan da Denmak wajen ƙarni na 13, shekaru ɗaruruwa bayan abin ya wuce. Na uku alƙalamin marubucin fim. Hanya mafi sauƙi ta tantancewa ita ce wannan: sunan gari, sunan sarki da babban yaƙi yawanci suna da tushe a tarihi, abin da aka fi taɓawa shi ne shekaru da dangantaka, wato wane ɗan wane ne, wane ya zauna zamani ɗaya da wane. Abubuwan da suka faru cikin shekara fiye da 100 aka tattara aka ɗora wa gida ɗaya.

Ragnar Lothbrok ya taɓa rayuwa da gaske?

Babu wata takarda ta zamaninsa da ta kawo mutum mai wannan cikakken suna da wannan tarihi. Akwai dai wani shugaban mahara da kundayen Faransa suka kira Reginherus, wanda ya haura kogin Sen da jirage wajen 120 a shekarar 845, ya shiga Paris lokacin bikin Ista, sai da Sarki Charles mai Sanƙo ya biya fam 7,000 na azurfa kafin ya janye. Masana da dama na ganin daga wannan mutum da wasu irinsa aka gina Ragnar na hikaya. Ramin macizai, auren Lagertha da na Aslaug, da maganarsa ta ƙarshe cewa 'ya'yan alade za su yi gurnani in suka ji halin da tsohon yake ciki, duk daga hikaya suka fito.

'Ya'yan da ake jingina masa sun fi shi tsayuwa da ƙafafunsu. Ivar, Halfdan da Ubba sunaye ne da suka bayyana a rubuce-rubucen Ingila tare da babbar rundunar da ta sauka a 865, kuma kundayen Ayalan sun rubuta mutuwar wani Imar a 873, wanda ake kyautata zaton shi ne Ivar.

To Rollo fa, ɗan'uwansa ne?

A'a, kuma lissafi kaɗai ya isa hujja. Fim ɗin ya sa Rollo cikin harin da aka kai gidan ibada na tsibirin Lindisfarne, wanda ya faru a Yuni 793. Rollo na tarihi kuwa a 911 ya ƙulla yarjejeniya da wani Sarki Charles na Faransa, ba mai Sanƙo ba, aka ba shi ƙasar da ta zama Normandi bisa sharaɗin ya karɓi Kiristanci ya kuma tsare bakin kogin daga 'yan'uwansa mahara. Tsakanin shekarun biyu akwai 118. Haka aka yi da Paris: an haɗa harin 845 da ƙawanyar 885 zuwa 886, wadda Odo ya jagoranci kare birnin, aka mai da su abu ɗaya.

Ɓangaren Ingila ma bai tsira ba. Ecbert ya mulki Wessex daga 802 zuwa 839, amma Alfred ɗan Aethelwulf ne da matarsa Osburh, ba ɗan limami Athelstan ba kamar yadda fim ya nuna. Athelstan na fim ƙirƙirarsa aka yi. Judith ta tarihi 'yar sarkin Faransa ce, kuma kishiyar uwa take ga Alfred.

Me ya sa mutane da yawa ke cewa fim ɗin ya mutu ranar da Ragnar ya mutu?

Wannan shi ne ƙorafin da aka fi ji, kuma yana da dalilai da za a iya nunawa da yatsa. Zango na 1 kashi 9 ne, na 2 da na 3 kashi 10 kowanne. Daga na 4 aka koma kashi 20. Labarin da aka saba ci a dunƙule sai aka tsinka shi da ruwa. Sannan a tsakiyar zango na 4 an tsallake shekaru, yaran da mai kallo ya sani suka dawo samari da sababbin fuskoki, kuma kashi biyar kacal bayan haka, a kashi na 15, aka jefa Ragnar ramin macizai. Ba a ba mai kallo lokacin shaƙuwa da magada ba. Kafin zangon ya ƙare Ecbert ma ya tafi, ga shi Athelstan ya riga su tun zango na 3. Hirar waɗannan mutum uku a kan imani, mulki da shakka ita ce ƙashin bayan fim ɗin, ba sare-saren gatari ba.

Daga zango na 5 labarin ya rabu gida huɗu ko biyar: Kattegat, Wessex, Aislan, Arewacin Afirka, daga baya Kiyef. Wanda ya ƙosa da zaman Floki, maƙerin jiragen Ragnar, a Aislan yana da hujja, don an ja shi fiye da ƙarfinsa. Sai dai a ra'ayinmu wanda ya tsaya a mutuwar Ragnar ya yi asarar ɓangaren da ya fi kusa da tarihi: saukar babbar runduna, cin garin York a 866, da tasowar Alfred, wanda a zahiri ya karya maharan a Edington a 878. Travis Fimmel ya taka rawar Ragnar yadda wuya a maye gurbinsa, amma mutuwar tasa ba kuskuren marubuci ba ce. A hikayar ma ita ce ke kunna wutar ramuwar gayya.

Ina Kattegat take? Ana iya ziyarta?

Kattegat sunan wani yankin teku ne tsakanin Denmak da Suwidin, ba gari ba. Garin da ake gani a fim an gina shi ne a bakin tafkin Lough Tay da ke gundumar Wicklow a ƙasar Ayalan, sauran aikin kuma a ɗakunan ɗaukar fim na Ashford. Garuruwan kasuwanci na gaskiya na wancan zamani su ne Hedeby da Ribe da Birka da Kaupang.

Shigar baƙar fata, askin gefe, zanen jiki da kwalli: haka suke?

Tufafin ne suka fi nisa da gaskiya. Abin da aka tono a kaburbura ya nuna riguna na ulu da lilin, masu rini ja, shuɗi da rawaya, masu hali kuma har da siliki. Baƙar fata mai madauri ko'ina adon fim ne. Sun kasance masu son gyaran gashi: matajin ƙaho na cikin abubuwan da aka fi samu a wuraren tono, kuma sunan ranar Asabar a harshensu yana nufin ranar wanka.

Kwalli kuwa yana da shaida. Ibrahim ibn Yakub al-Turtushi, matafiyi daga Andalus da ya je Hedeby wajen 965, ya ce maza da mata a can suna shafa wani abu a ido don ƙarin kyau. Zanen jiki shaidarsa ɗaya ce mai ƙarfi, ta Ahmad ibn Fadlan, wanda ya ga zane mai duhun kore tun daga farce har wuya a jikin mutanen Rus, wato 'yan kasuwar arewa da ke bin kogunan gabashin Turai.

An yaba wa fim ɗin da bai sa musu kwalkwali mai ƙaho ba, kuma yabon ya dace, domin wannan hoto daga kayan wasan dandamali na Jamus na 1876 ya yaɗu. Amma ya faɗa wani kuskuren: jarumai na shiga yaƙi kai a buɗe don a ga fuskarsu. Shugaba mai dukiya zai sa kwalkwalin ƙarfe da sulke, irin waɗanda aka tono a Gjermundbu ta Norwe a 1943. Talaka kuma mashi, gatari da garkuwar katako ne makamansa. Takobi kayan masu hali ne.

Mata mayaƙa irin Lagertha sun wanzu?

Lagertha daga littafin tarihin Denmak na Saxo Grammaticus ta fito, wanda aka rubuta wajen 1200, kuma sashen da take ciki hikaya ce. Shaidar da ake yawan kawowa ita ce wani kabari a Birka da aka tono a 1878, cike da takobi, mashi, gatari, kibau, garkuwoyi biyu da dawakai biyu. Fiye da shekara 100 ana ɗauka namiji ne, sai gwajin ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2017 ya nuna mace ce. Wannan ya tabbatar da cewa an binne mace da darajar mayaƙi. Bai tabbatar da runduna guda ta mata zalla irin ta fim ba. Abin da ya fi tabbata shi ne ikon matar gida: ita ke riƙe da makullai, tana gado, kuma tana iya rabuwa da miji a gaban shaidu. Al-Turtushi ma ya lura da wannan ikon rabuwa da miji a Hedeby.

Da gaske sun haɗu da Musulmi? Kuma yadda aka nuna Musulmi daidai ne?

Haɗuwar gaskiya ce, kuma ta fi abin da fim ɗin ya nuna faɗi. Marubutan Andalus suna kiransu Majusawa. A 844 sun haura kogi suka afka wa Ishbiliya, wato Seville, suka yi ɓarna, har rundunar Amir Abdurrahman na Biyu ta ci su, ta ƙona jiragensu wajen 30. Bayan haka ne aka ƙarfafa ganuwar birnin aka kuma kafa wurin ƙera jiragen yaƙi. A 859 wata tawaga mai jirage wajen 62 ta dawo, ta ƙona masallacin Aljaziratul Khadra, wato Algeciras, ta ƙetara zuwa Nakur a gaɓar Maroko ta kama mutane. Riwayoyin baya ne suka jingina wannan tafiya ga Bjorn da wani Hastein.

A nan fim ɗin ya sassauta. Ya nuna Floki ya shiga masallacin, ya ga sahu, jikinsa ya yi sanyi, ya hana a taɓa masallata. Masu kallo Musulmi da yawa sun ji daɗin wurin, kuma an tsara shi da mutunci, amma tarihi ya ce ƙona masallacin aka yi. A zango na 5 kuma sai ya karkata ɗaya ɓangaren. Ziyadatullah sarki ne na gaskiya, na gidan Aglabawa a Kairawan, ya yi mulki daga 817 zuwa 838, kuma a zamaninsa aka fara cin Sisili a 827 bayan gayyatar Euphemius, wani kwamandan Rumawa da ya yi tawaye a tsibirin. Amma liyafar da aka nuna ya ciyar da baƙi naman Euphemius ba ta da tushe ko kaɗan. A Sisili aka kashe mutumin. Waɗanda suka ji haushin wannan wuri suna da gaskiya: tsohon hoton sarkin Gabas mai zalunci da sha'awa aka ɗauko aka liƙa wa mutum mai suna a tarihi.

Babbar alaƙar ba ta yaƙi ba ce, ta ciniki ce, kuma ta gabas ta bi. 'Yan kasuwarsu na gangarawa kogin Volga da fatun dabbobi, takubba da bayi, su komo da dirhamin azurfa. A Spillings da ke tsibirin Gotland na Suwidin an tono taska a 1999 mai nauyin azurfa kilo 67, da tsabar kuɗi wajen 14,000, mafi yawansu na ƙasashen Musulmi.

Wurin da suke wanke fuska da fyace majina a kwano ɗaya, ƙazanta ce aka ƙara don a ba mutane ƙyama?

Daga Ibn Fadlan aka ɗauko shi. Halifa Muƙtadir ne ya aike shi daga Bagadaza a 921, ya isa ƙasar Bulgar ta Volga a 922, ya ga 'yan kasuwar Rus da idonsa. Ya bayyana yadda kuyanga ke zagayawa da kwano kowace safiya, kowa ya wanke fuska da gashi, ya tofa, ya fyace, a miƙa wa na gaba. Malami ne da ya saba da alwala da ruwa mai tsarki, don haka abin ya girgiza shi. Jana'izar Haraldson, shugaban Kattegat da Ragnar ya kashe, a zango na 1 ma daga bayaninsa take: jirgi, baiwar da ta yarda ta bi ubangidanta, tsohuwar da ake kira Mala'ikar Mutuwa, da cinna wuta. Abin da ya rubuta ya fi na fim muni nesa ba kusa ba. A riƙa tunawa dai cewa mutanen Volga ya gani, fim kuma ya kai al'adar Norwe.

Azabar da ake kira mikiyar jini fa?

An nuna ta a kan Jarl Borg a zango na 2 da Sarki Aella, wanda ya jefa Ragnar ramin macizai, a zango na 4: a tsaga baya, a ɓalle haƙarƙari, a zaro huhu. Masana sun rabu. Roberta Frank ta kawo hujja a 1984 cewa marubutan baya ne suka yi wa wani baitin waƙa na ƙarni na 11 mummunar fahimta. Baitin na iya nufin kawai an bar gawar Aella mikiya na yagar bayanta a fagen fama. Kundin tarihin Ingila ya ce an kashe Aella da abokin hamayyarsa Osberht a yaƙin York na 867, bai ambaci azaba ba. Ko da an taɓa yi, jini da rugujewar numfashi za su kashe mutum tun farkon aikin. Doguwar juriyar Borg ta fim ce.

Jirginsu zai iya wannan tafiya? Kuma da gaske ba su san akwai ƙasa a yamma ba?

Jirgin zai iya. Wanda aka tono a Gokstad a 1880 tsawonsa ya kusa mita 24, faɗinsa mita 5, da filafilai 32. Ana tsaga itacen oak a bi jijiyarsa maimakon a yanka da zarto, a jera allunan bakin kowanne ya hau na ƙasa da shi, a ɗaure da ƙusoshin ƙarfe, a toshe tsakani da gashin dabba da kwalta. Wannan ke sa jirgin ya lanƙwasa da igiyar ruwa maimakon ya karye. Cikinsa ba ya nitsewa da zurfi, shi ya sa yake haura kogi ya kuma sauka a kan rairayi ba tare da tasha ba, kuma nan ne asirin harin ba-zata. A 1893 an ƙera irinsa, ya ƙetare Atilantika daga Norwe cikin ƙasa da wata guda.

Maganar cewa Ragnar ne ya fara gano Ingila kuwa ba ta da tushe. Ciniki a Tekun Arewa ya girmi 793 da daɗewa.

Fim ɗin ya yi wa addinai adalci?

Gicciye Athelstan saboda ridda shi ne wurin da Kiristoci suka fi ƙi, kuma babu shaidar cewa cocin Ingila ta taɓa hukunta mai ridda haka. Hadayar Uppsala ta kowace shekara tara, inda ake yanka tara daga kowane jinsi har da mutane, daga Adam na Bremen aka samo ta, wanda ya rubuta wajen 1075 bisa abin da aka ba shi labari. Uppsala kuma fili ce shimfiɗaɗɗiya, ba kan dutse ba.

Abin da ya fi damun mu ba ya cikin ƙorafin da aka saba ji. Fim ɗin ya sa mai kallo ya so maharan har ya manta da waɗanda aka kama. Bauta ginshiƙi ce a arzikinsu. Dublin, da suka kafa sansani a cikinta a 841, ta zama babbar kasuwar bayi, kuma binciken ƙwayoyin halittar mutanen Aislan ya nuna kaso mai yawa na matan farko daga Ayalan da Sukotlan suka fito. Bayi na bayyana a fim, amma kusan kullum a gefen labarin wani.

Ya dace a kalla da yara ko a falo da iyali?

Bai dace ba. Akwai kisa a fili, azabtarwa, fyaɗe, hadayar mutane da tsiraici. Sigar fim ɗin biyu ce: wadda tashar History ta nuna a Amurka an datse ta, wadda ke kan faifai da wasu manhajojin kallo kuma cikakkiya ce. Sunan kashi ɗaya ne a duka biyun, don haka wanda aka ce masa "babu komai a ciki" zai iya cin karo da abin da bai zata ba. Ko datsattsiyar ma ba ta yara ba ce.

Zango na 6: mamayar Rus da isa sabuwar ƙasa, akwai gaskiya?

Oleg mutum ne na tarihi. Kundin Rus ya ce ya kama Kiyef a 882, ya riƙe ƙaramin yarima Igor, ya mutu wajen 912. Amma bai taɓa kai yaƙi Norwe ba, kuma ba Kirista ba ne. Sai a 988 ƙasar ta karɓi Kiristanci a hannun Vladimir. Ivar ma ya mutu kafin Oleg ya shiga Kiyef. Floki an aro shi ne daga wani Floki Vilgerdarson da riwaya ta ce shi ya raɗa wa Aislan suna, kafin zaman dindindin da aka fara wajen 874.

Isa Arewacin Amurka gaskiya ne, amma ba a zamanin Ubba ba. Leif Erikson ake jingina wa tafiyar wajen shekara ta 1000, kuma a L'Anse aux Meadows da ke Kanada an gano katakon da aka sare da ƙarfe a 1021. Wannan zamani shi ne ci gaban fim ɗin, Vikings: Valhalla, ya ɗauka a Netflix daga 2022 zuwa 2024, zango 3, kashi 24. Ana iya kallonsa ba tare da an ga na farko ba, don shekara kusan 100 ke tsakanin labaran biyu. Shi ma ya matse shekaru: ya sa Harald Hardrada, wanda aka haifa wajen 1015, yana babban mutum a lokacin kisan 'yan Denmak da aka yi a Ingila a 1002.